Filin Amsa Tambayoyinku: Zaman Malami a Yuganda da Yadda Ake Cin Asabar da Lahadi

Wasiƙu uku muka zaɓa a wannan fitowa, dukansu daga Zariya, kuma dukansu a kan malaman da aikin koyarwa ya kai ƙasar Yuganda ko yake shirin kai su.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malami ne a wata babbar makaranta a nan Zariya, ina zaune da iyalina a Tudun Wada. Sunana ya fito cikin waɗanda shirin TAC, wato shirin Gwamnatin Tarayya na tura ƙwararru ƙasashen waje, zai tura Yuganda, kuma an ce Jami'ar Musulunci da ke garin Mbale za a kai ni in koyar na shekara biyu. Aji ba ya ba ni tsoro, domin na daɗe ina riƙe da alli. Abin da ke hana ni barci shi ne zaman da ke bayan aji: me zan ci, da wa zan zauna, kuma me mutum yake yi da Asabar da Lahadinsa a garin da ba shi da kowa? Na ji an ce ka taɓa koyarwa a can, shi ya sa na nemi shawararka. Daga wani malami, Tudun Wada.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya sanya alheri a tafiyar, ya kai ka lafiya, ya dawo da kai lafiya. Shirin da za ka tafi a ƙarƙashinsa ya daɗe, tun 1987 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta kafa shi domin tura malamai da likitoci da sauran ƙwararru zuwa ƙasashen Afirka da na Karebiyan da Fasifik. Jami'ar da za ta karɓe ka kuwa ta fara aiki a 1988 a ƙarƙashin Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, bisa shawarar da aka yanke a taron ƙungiyar na birnin Lahore a Pakistan a 1974, taron da ya haifi takwararta ta garin Say a Jamhuriyar Nijar. Na kawo wannan ne domin hankalinka ya kwanta, ba kai ne Bahaushe na farko da zai taka garin ba, kuma da wuya ka yi kwana biyu ba a gaishe ka da Hausa a ƙofar masallaci ba.

Jirgi zai sauke ka a Entebbe, a bakin Tafkin Biktoriya, inda za a nemi katin rigakafin zazzaɓin shawara, saboda haka ya kasance tare da fasfonka a aljihu. Daga Kampala zuwa Mbale kimanin kilomita 225 ne, amma cunkoson Mukono da manyan motocin da ke jigila tsakanin babban birnin da iyakar Kenya kan ja tafiyar ta kai awa huɗu ko biyar. Motoci a can ta hannun hagu suke bi, yadda ake yi a ƙasarmu kafin 1972, kuma wanda zai tsallaka titi dama zai fara dubawa. Ka riƙe wannan da kyau a makonnin farko, domin ƙafa ba ta saurin mance abin da ta saba.

Mbale yana gabashin ƙasar, a gindin Dutsen Elgon, kuma duk inda ka tsaya a cikin gari za ka hangi tsaunin Wanale tsaye a gabas, kore shar, wani lokaci ruwa yana zubowa daga gefensa. Babu hunturu da hazo, babu kuma zafin Afrilu irin namu. Ruwa yana sauka a mafi yawan watannin shekara, ya fi ƙarfi daga Maris zuwa Mayu da kuma wajen Satumba zuwa Nuwamba, don haka lema da rigar sanyi da gidan sauro su ne kayan aikinka na farko. Dare da rana kusan daidai suke duk shekara, rana tana fitowa wajen ƙarfe bakwai saura, ta faɗi wajen bakwai saura, lokutan salla ba sa yin nisa da inda ka bar su jiya. Sai dai alƙibla a can arewa take, da ɗan karkata zuwa gabas, kuma baƙon da ya shimfiɗa darduma a ɗakinsa ya fuskanci mafitar rana bisa sabo ya bar Ka'aba a hagunsa. Ka tambaya tun daren farko. Musulmin ƙasar ba su kai kashi 15 cikin ɗari ba, amma a Mbale suna da yawa, kuma galibinsu mazhabar Imam Shafi'i suke bi. Za ka ji liman yana bayyana Bismillah kafin Fatiha, yana alƙunutin asuba bayan ruku'u da ƙarfi mamu suna cewa amin. Ka bi limaminka, ka bar gardama. Wanda ya je koyar da lissafi ko kimiyya ba a aike shi gyara sallar mutanen da suka karɓe shi ba.

Abinci ba zai gagare ka ba, sai dai zai nemi haƙurinka. Abincin da suka fi ji da shi shi ne matoke, ɗanyar ayaba ce da ake turarawa cikin ganyenta har ta yi laushi a kirɓa, a ci da miyar gyaɗa. Akwai posho, wanda tuwon farar masara ne mai ɗan tauri, ana cin sa da wake, akwai kuma tuwon tamba da ake haɗawa da garin rogo. Madara tana da yawa, shayin madara da citta shi ne karin kumallon kowa, kuma da yamma a bakin titi za ka ga samari suna soya ƙwai da kabeji da tumatir su naɗe cikin capati, wata irin gurasar fulawa mai faɗi. Abin da za ka rasa shi ne yaji, domin girkinsu ba shi da barkono sai wanda ya nema. Naman shanu da na awaki a mahauta Musulmi ne suka fi yanka shi, amma wuraren gasa naman alade suna da yawa, kuma baƙo ba ya rasa komai idan ya tambaya kafin ya zauna. Ka koyi girka miya biyu ko uku a hannun uwargida kafin ka tashi. Na san magidanta da yawa za su yi murmushi a nan, amma wanda ya ci wake da posho wata uku a jere zai daina murmushin.

A aji kuwa abu ɗaya zan ce. Mutanen ƙasar suna magana a hankali, da sassauta murya, kuma yadda muke ɗaga murya muna bayani su faɗa suke ɗaukarsa. Ka rage sauri, ka riƙa rubuta muhimman kalmomi a allo, har kunnensu ya saba da Turancinka, naka kunnen ya saba da nasu.

Yanzu ga abin da ka fi tambaya a kai, wanda a ganina shi ne yake gyara zaman malami a waje ko ya ɓata shi. A Zariya, Malam, ba ka taɓa tsara Asabar ɗinka da kanka ba, jama'a ne suke tsara maka. Da safe ɗaurin aure a Ƙofar Doka, kafin azahar gaisuwar rasuwa a Sabon Gari, bayan la'asar majalisa, da magariba karatun littafi a zaure, Lahadi kuma gidan surukai ko ganin mara lafiya a Shika. Kana ƙorafin ba ka da lokacin kanka, alhali wannan hidimar ita ce take riƙe da kai. A can idan ka rufe ƙofa ranar Juma'a da yamma, babu mai yi maka sallama sai Litinin. Na ga irin mutum biyu da wannan shirun ya ci. Na farko shi ne wanda yake kulle kansa a ɗaki da waya, yana bin labarin gida a WhatsApp da Facebook tun safe har dare, duk sulen Yuganda da zai kashe sai ya juya shi zuwa naira ya ga ya yi yawa ya fasa. Na biyu shi ne wanda ba ya zama sai da 'yan Najeriya, a ɗaki guda, ana musun siyasar gida har a kira isha'i. Zama da 'yan'uwa ba laifi ba ne, kuma ranar da zazzaɓi ya kwantar da kai su ne za su kai ka asibiti. Amma dukansu biyun suna dawowa bayan shekara biyu da akwatuna, ka tambaye su yadda ƙasar take su rasa abin faɗi. Shawarata ita ce ka ware ɗan abin fita a kowane wata, yadda kake ware na shinkafa da na wuta, ka ɗauke shi cikin larura.

Ka fara da ƙafa. Asabar da safe ka shiga babbar kasuwar garin da jaka a hannu, ka yi cefanenka da kanka. Mata ne suka fi yawa a rumfuna, ga nonnan ayaba jibge har ƙugu, ga abarba da fiya da dankalin Turawa da aka sauko da su daga kan dutse. A wani layi za ka ga wasu dogayen abubuwa masu launin ƙasa-ƙasa an ɗaure su dami-dami, suna ƙamshin hayaƙi. Wannan shi ne malewa, tohon gora ne da ake sarowa daga dajin Elgon a kyafe, a dafa da kanwa da gyaɗa, kuma shi ne abincin alfarmar Bagisu, mutanen da ke da yankin. Idan ka gaishe da mai rumfa da "Mulembe" kafin ka taya kaya, za ka ga fuskarta ta sake, kuma a Asabar ta uku ita ce za ta fara tambayarka lafiyar mutanen gida. Daga irin wannan ne mutum yake fara zama ɗan gari.

Idan ƙafa ta saba, sai Wanale. Tsawonsa ya haura mita 2,000, hanyar kuma ta cikin gonakin ayaba da albasa da kofi take bi, saboda haka ka nemi ɗan unguwar ya yi maka jagora, ku yi jinga tun a ƙasa. Ka tashi bayan asuba, domin ruwa ya fi zuwa da rana tsaka ko yamma, kuma jar ƙasar nan idan ta jiƙe santsi take yi. Wanda bai taɓa hawan abin da ya wuce Kufena ba ya tafi a hankali.

Fitar da ba zan yafe maka ba idan ka bari ita ce ta Sipi, a gundumar Kapchorwa, kimanin kilomita 50 daga Mbale. Mota za ka shiga a tasha, ta bi kwance na ɗan lokaci, sannan ta fara hawa tana lanƙwasa har kunnenka ya toshe, ka waiga ka ga fili shimfiɗe a ƙasa iya ganinka. Kogin Sipi yana faɗowa daga dutse a wurare uku, mafi tsayinsu kusan mita 100, kuma tun kafin ka isa gindinsa feshin ruwan ya jiƙa maka riga, ƙararsa ta hana ka jin maganar na kusa da kai. Manoman wurin kofi suke nomawa, irin da ake kira arabika, kuma da ɗan abin hasafi za su nuna maka aikin tun daga itacen: a tsinko jajayen 'ya'yan, a ɓare, a shanya, a surfa a turmi, a sheƙe a faifai, a soya a kasko bisa murhu har ya yi duhu, a sake dakawa, a dafa maka ka sha a tsaye. Malamin da ya ga wannan da idonsa ya samu misalin da zai yi shekaru yana bayarwa a aji. Daga wannan yanki ne Stephen Kiprotich ya fito, wanda ya ci zinaren gudun fanfalaƙi a gasar Olamfik ta Landan a 2012, da Joshua Cheptegei da ya ci na mita 10,000 a Faris a 2024, kuma idan ka ga yara suna hawa gangaren nan da gudu za su makaranta ba za ka yi mamaki ba. Da dare akwai sanyi sosai, idan za ka kwana ka tanadi bargo, ka sa rigar sanyi a jakarka. A tsakiyar damina kuma ka rage hawan dutse, domin zaftarewar ƙasa a gefen Elgon ba almara ba ce, wadda ta auku a Bududa a 2010 ta binne ƙauyuka da mutanensu. Ƙololuwar Elgon ɗin kanta, mai tsawon mita 4,321, tafiyar kwanaki ce da jagoran hukumar gandun daji, ka bar ta sai hutun zango, kuma ka tafi da takardar izinin aikinka, domin baƙon da ke zaune a ƙasar yana biyan ƙasa da ɗan yawon buɗe ido.

Jinja tana kan hanyarka ta Kampala, a nan Kogin Nilu yake fita daga tafki ya kama hanyar Sudan da Masar. Za a nuna maka inda Baturen nan John Speke ya tsaya a 1862 aka ce shi ya gano mafarin kogin, sai ka ce masuntan da ya tarar a wurin ba su da idanu. Akwai madatsar ruwan da aka gama a 1954, da sabuwar gadar da aka buɗe a 2018. Idan za ka shiga kwalekwale kada ka yarda sai da rigar kariya. A Kampala ka yi Juma'a ko da sau ɗaya a babban masallacin da ke tudun Tsohuwar Kampala, wanda Mu'ammar Gaddafi ya ɗauki nauyin kammala shi, ka hau hasumiyarsa ka ga yadda birnin ya bazu bisa tuddai.

Duk da haka, a wurina fitar da ta fi waɗannan duka ita ce ranar da abokin aikinka ɗan ƙasar zai ce ka zo ƙauyensu. Kada ka ba da uzuri. Ka riƙe sukari da sabulu da burodi, ka zauna inda aka zaunar da kai, ka ci abin da aka kawo in dai halal ne. Duk bayan shekara biyu, a shekarun da lambarsu take rabuwa biyu daidai, daga watan Agusta, Bagisu suna bikin kaciyar samarinsu da suke kira imbalu, ana buɗe shi a Mutoto kusa da gari, kuma ayarin masu kiɗa da rawa yakan tare titi gaba ɗaya. Idan ka haɗu da su ka raɓe gefe, kada ka ɗaga waya ka ɗauki hoto sai an yarda. Ka kuma lura da yadda suke ƙidayar lokaci a harsunansu, domin daga fitowar rana suke farawa: bakwai na safe ita ce awa ta ɗaya, takwas ta biyu. Duk wanda ya ba ka lokaci, ko ɗan acaɓa ko mai gayyata, ka maimaita masa da agogon hannunka. Acaɓan nan kuma, wanda suke kira boda boda, shi ne ya fi komai jikkata mutane a titunan ƙasar. Ka nemi mutum guda mai natsuwa ka riƙe lambarsa, ka sayi hular kwano taka ta kanka, ka bar hawa da dare.

Tambaya: Maigidana yana koyarwa a Kampala, wata takwas ke nan. Kullum ƙarshen mako sai ya turo hotonsa a bakin kogi ko a kan dutse, ƙawayena kuma suna cewa daɗi ya ɗauke masa hankali, kuɗin da ya kamata ya turo yake kashewa, wata ma ta ce in shirya karɓar kishiya. Idan na kira shi da dare sai ya ce barci yake ji. Me zan yi? Daga wata uwargida, Samaru.

Amsa: Malama, Allah ya ƙara haƙuri, riƙon gida da yara ke kaɗai ba ƙaramin aiki ba ne. Bari in fara da barcin, domin shi ne mai sauƙin warwarewa. Yuganda tana gabanmu da awa biyu. Lokacin da kika sallami yara, kika kintsa kicin, kika ɗauki waya ƙarfe goma, shi a wurinsa sha biyun dare ne, ga aji da safe. Ku mayar da hirar tsakanin la'asar sakaliya da magariba a nan, lokacin shi ya idar da tasa magaribar, yara ma idonsu biyu, su nuna masa littattafansu ya ji abin da aka koya musu.

Hoto kuwa awa ɗaya yake nunawa daga cikin mako guda, ba ya nuna daren da mutum ya ci abincin da ya ƙona da hannunsa shi kaɗai. Daga Kampala zuwa Jinja, inda nake zaton nan ne bakin kogin, kimanin kilomita 80 ne, kwatankwacin Zariya zuwa Kaduna, ana zuwa a motar haya a dawo a yini. Ma'aunin da za ki duba shi ne gidanki: kuɗin cefane da na makarantar yara da na magani suna zuwa a kan lokaci, yadda kuka yi da shi? Idan suna zuwa, ki bar shi ya sha iska, domin namijin da ya kulle kansa a ɗaki wata takwas ba lafiyayye zai dawo miki ba. Idan ba sa zuwa, to wannan haƙƙinki ne, ki faɗa masa kai tsaye da lissafi a hannu, ba da habaici a kan hoto ba, in abin ya ƙi gyaruwa ki sanar da magabatansa. Zancen kishiya ba zan rantse miki a kan zuciyar kowa ba, amma hoton da shi da kansa ya turo miki ba hujja ba ce a kansa, kuma ƙawar da ta faɗa miki haka ba ta fi ki sanin mijinki ba.

Tambaya: Ɗana yana koyarwa a Yuganda, ba zai samu zuwa Sallah ba. Wani abokinsa zai koma, ya ce zai riƙe masa saƙo. Me ya kamata in haɗa masa? Daga wata mahaifiya, Birnin Zazzau.

Amsa: Hajiya, Allah ya ƙara girma, ya yi wa zuri'a albarka. Kada ki wahalar da ɗan aike da shinkafa ko gyaɗa ko garin masara, duk akwai su a can, kuma akwatin jirgi yawanci kilo 23 ne. Ki haɗa abin da ba ya samu: kuka, da daddawa, da busasshiyar kuɓewa, da yajin da aka daka a gida, a ƙulle kowanne a leda biyu saboda ƙamshin daddawa, a rubuta sunansa a jiki domin ma'aikatan filin jirgi. Kilishi da dambun nama ki bar su sai ya zo, domin ƙasashe suna da tsauri a kan shigo da nama, ana iya karɓewa a bakin shiga. Idan da sauran wuri, ki sa masa huluna biyu ko uku na ɗinkin hannu irin na Birni, ɗaya ya sa ranar idi, sauran ya ba abokan aikinsa da suke kai shi gidajensu. Ranar Sallah hutu ne a ƙasar, amma na yini ɗaya, babu hawa babu Daushe, washegari yana aji. Idan kina son ki same shi kafin ya fita idi, ki sa a kira miki shi da kin idar da sallar asuba.